Tukunya Nawa Ake Ɗorawa a Gidan Nan?

A shekarar da aka rufe iyaka, man fetur kuma ya yi tsadar da mutane suka jingine babura suka koma tafiyar ƙasa, a shekarar ne ƙanena ya dawo gida Gumel daga Maigatari. Ya fi shekara goma a can yana sayen kanwa da dabino a hannun mutanen Nijar, yana sayar wa masu lodi zuwa kudu. Gidan haya yake ciki, mai ɗaki uku da famfo a tsakar gida. Da motoci suka daina tsallakowa ya daure na 'yan watanni, ya sayar da babur, ya sayar da injin markaɗen matarsa, daga ƙarshe ya miƙa wa mai gidan makulli. Wata Laraba bayan la'asar a-kori-kura ta sauke su a ƙofar gidanmu, shi da matarsa da yara huɗu, da katifu ɗaure da igiya.

Gidan na mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa, kuma ba mu raba shi ba. Saboda haka ɗaki bai zame mana abin magana ba. Sashen kudu nasa ne tun asali, muka kwashe buhunan ƙaiƙayi da tsofaffin tabarmi da ke ciki, aka share, suka shiga. Abin da ya zama magana shi ne abinci. Bai zo da hatsi ba, bai yi noma a shekarar ba, kuma ba shi da abin saye. Ni ina da gonata a hanyar Gagarawa, Allah ya ba ni gero da wake daidai gwargwado. Na ce masa a haɗa girki, maiɗakina ta riƙa dafawa da su.

Ya ce, "Yaya, zan ci, saboda yaran nan. Amma ranar da maganar nan ta fita zaure, ranar zan bar garin nan. In tafi kudu in yi dako, ita kuma ta kwashi yara ta tafi gidan iyayenta."

Na san ƙanena. Ba ya faɗin abin da ba zai yi ba.

Wanda bai san zamanmu ba zai ce mene ne wahalar ɓoye wannan. Wahalar ita ce ciyayya. A lungunmu, bayan sallar magariba magidanta kan zauna a zaurenmu, kowane gida a fito da kwanon mai gidan, a jera, a ci tare. Kowa ya san kwanon kowa. Idan namiji mai iyali ya zauna ba a fito da nasa ba, ba sai an faɗa wa kowa komai ba. Sai matan suka yi dabararsu. Akwai gajeriyar katanga tsakanin sashena da nasa. Maiɗakina ta tuƙa tuwo, ta miƙa ta saman katangar, matar ƙanena ta juye a nata kwanon mai murfi kore, a fito da shi ta ƙofar sashensu. Da rana kuma takan hura wuta a murhunta ta ɗora ruwa, don kada mata masu shigowa su ga toka ta yi sanyi. Haka muka zauna, damina ta wuce, rani ya wuce.

Mutum ɗaya ne ya taɓa kusantar abin, shi ne tela maƙwabcinmu, wanda gidansa ke jikin namu. Taubashina ne, bakinsa ba ya hutawa a kaina tun muna yara. Wata rana ya ɗanɗana nawa, ya ɗanɗana na ƙanena, ya ce, "Ikon Allah! Matan gidan nan hannunsu ɗaya. Har gishirin da ya yi wa miyar Malam kaɗan, ita ma wannan ya yi mata kaɗan." Aka yi dariya. Na ce masa wanda ya saba cin miyar da aka kaɗa da almakashi ina zai san gishiri. Maganar ta wuce.

Da bazara ta shigo, mai unguwa ya aika a kira ni. Na same shi da baƙuwa, wata malama daga jami'a, shekarunta ba za su wuce na babbar 'yata ba. Ya ce bincike take yi a kan gidaje: yadda mutane ke zaune tun da rayuwa ta yi tsanani, wa ya bar haya, wa ya dawo gidan gado, wa ya fara gini ya tsaya, ɗaki nawa ke ɗauke da mutum nawa. Ta ce za a rubuta abin da aka samu a miƙa wa masu tsara gari, ko za su duba. Ta faɗa a fili cewa ba rabon komai za a yi ba, kuma ba a rubuta sunan kowa. Tana neman dattijon da mutane suka sani, wanda zai yi mata sallama a ƙofofi. Mai unguwa ya ce ni ne nake rubuta masa takardun shaida idan an sayar da fili ko an raba gado, da ajami, tun zamanin mahaifinsa, kuma ba a taɓa kawo ƙarar abin da na rubuta ba. Na ce Allah ya sa mu dace.

Aikin yana da tsarinsa. Ba kowane gida ake shiga ba. Idan muka je unguwa, mukan fara daga ƙofar masallaci, mu bi hannun dama, mu riƙa ƙirga ƙofofi, duk ta biyar mu tsaya. Ƙofar da ake ƙirgawa sai wadda mutane ke kwana a bayanta. Shago, ko sito, ko kangon da ba kowa, ba sa cikin ƙirga. Na tambaye ta me ya sa ba za ta bar ni in kai ta gidajen da na san sun fi shiga wahala ba. Ta ce, "Baba, in ka zaɓa mini, abin da ka sani zan rubuta. Ni kuma abin da ba mu sani ba nake nema, ni da kai." Na ga gaskiyarta.

In mun tsaya, ni nake yin sallama, mai gida ya fito, mu zauna a zaure. Ita tana da allonta na zamani da take dannawa, ni ina da littafina, ina rubuta amsoshin da ajami don in wutar allon ta ƙare kada a rasa. Bayan ta gama da mai gida, sai ta nemi izini ta shiga ciki wajen mata. Ni nakan tsaya a zaure, kamar yadda ya kamata.

Mun fara da nesa kafin mu dawo gida. A Maigatari na ga layin ɗakunan haya a kulle, masu su suna zaune a inuwa ba mai tambaya, alhali a bayansu gidajen gado sun cika har ana kwana a zaure. A Gagarawa wani ma'aikaci ya nuna mana gininsa na bulo da ya tsaya a kan taga shekara biyu, ya ce ya koma ya buga tubali ya yi ɗaki ɗaya na ƙasa a cikin filin, a nan yake. A wani ƙauye na Sule Tankarkar wani dattijon Bafulatani ya ƙi faɗin yawan mutanen gidansa, ya ce shi ba ya ƙirga abin da Allah ya ba shi. Malama ba ta matsa ba, ta tambaye shi ɗakuna, ta tambaye shi wa ke kwana a kowanne, ya faɗa ɗaya bayan ɗaya ba tare da damuwa ba.

Akwai tambaya guda da take yi a kowane gida: "Tukunya nawa ake ɗorawa a gidan nan?" Ta bayyana mini cewa a wajen masu binciken, iyali shi ne waɗanda ke ci daga girki ɗaya. Gida ɗaya yana iya zama iyali uku, yana iya zama iyali ɗaya mai yawa, kuma daga nan ake gane ko mutane suna tsayuwa da ƙafarsu ko suna komawa ƙarƙashin 'yan'uwa. Tun ranar farko da na ji tambayar, gidanmu ya faɗo mini a rai. Amma na ce wa kaina gidaje suna da yawa, ɗaya cikin biyar ne.

Ana saura kwana biyu mu shiga unguwarmu, na ƙirga ƙofofin a hanyata ta dawowa daga sallar asuba. Daga masallaci, hannun dama. Na ƙirga sau biyu. Gidanmu ne na goma.

Na yi tunanin abin da zai faru. Za a zauna a zaure. A unguwar mutum ba a hana maƙwabta zama, ga mai unguwa da ya ce zai leƙo. Za a tambaye ni, tunda ni ne babba. In na ce biyu, na yi ƙarya a gaban mutanen da suke kawo ni shaida, kuma da ta shiga ciki ba na jin maiɗakina za ta iya kallon idon baƙuwa ta maimaita. In na ce ɗaya, na san abin da ƙanena ya faɗa. Ga damina ta matso, ga yara huɗu, ƙaramin bai daɗe da fara tafiya ba.

Tsakanin masallaci da gidanmu akwai wata ƙofa ta ƙarfe, sito ne na wani mai sayar da hatsi. Ba wanda ya taɓa kwana a ciki. Ranar aikin, bayan mun gama da gida na biyar mun ci gaba, da muka zo gabanta malama ta tsaya ta ce, "Wannan fa, Baba? Kamar wurin ajiya."

Na ce, "Akwai mai kwana."

Ba ta sake tambaya ba, ta ƙirga ta. Wata biyu muna yawo ban taɓa ba ta dalilin da za ta sake tambaya ba. Da aka ƙara ƙofa ɗaya, ta goma ta faɗa kan gidan tela. Muka zauna a zaurensa, ya amsa tambayoyi yana ta washe baki, muka wuce ta gaban ƙofata ban ko waiwaya ba.

Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne, ba ni kaɗai na iya ƙirga ba. Labarin tsarin ya riga mu zuwa unguwar, kuma duk da abin da malama ta faɗa, mutane ba su cire rai da cewa wata rana za a kawo kwanon rufi ko siminti ga gidajen da aka shiga ba. Kowa a lungun ya ƙirga ƙofofin kafin ni.

Bayan magariba aka fito da kwanuka. Tela bai bari an wanke hannu ba ya fara.

"Jama'a, ku taya ni godiya. Yau Malam ya yi mini kyauta."

Wani ya ce, "Wace kyauta?"

"Ai ni na tara ne. Yarana ma sun ƙirga. Sai Malam ya ba ɓerayen sito takardar zama 'yan unguwa, na zama na goma. Malam, mai gidan nasu ya fito kun gaisa? Matansa nawa?"

Zaure ya ɗauki dariya. Wani dattijo ya ce ai Malam ne, ba ya son a ce ya sa gidansa a gaba. Tela ya ce, "Wannan? Wanda ko a rabon goro sai ya zaɓi fari? A'a, akwai dai abin da ya binne a gidan nan da ba ya son gwamnati ta gani."

Wasa yake yi, na san wasa yake yi. Na mayar masa da wata magana, ban tuna ko mece ce ba. Ƙanena bai yi dariya ba. Ya yi loma biyu ko uku, ya tsame hannu, ya ce kansa ke ciwo, ya shiga ciki.

Da safe bayan mun dawo daga masallaci ya tsaya a zaure bai wuce sashensa ba. Ya jira na zauna.

"Yaya, sito ka ce wa malama gida ne?"

Na ce haka ne.

"Saboda ni."



Ya ce, "Tun ina yaro nake jin ana cewa a kira yayanka ya rubuta, shi ba ya ƙari ba ya ragi. A Maigatari har da sunanka nake samun amana. Yanzu ina cin hatsinka bai isa ba, sai na ci wannan ma?" Muryarsa ta sauka. "Na yi magana da wani direba. Ranar Asabar yana da lodi zuwa kudu."

Na ce masa ya zauna. Bai zauna ba. Na ce, "Abin da na yi ni na yi shi, ba kai ka sa ni ba, kuma ni zan je in gyara. Yau zan faɗa mata. In ta ce za ta dawo gidan nan, ta faɗa tun farko cewa wanda ba ya son amsawa ba dole. Ka bari sai na dawo."

Ya ce, "Asabar dai," ya shige.

Na sami malama a masaukinta, gidan wata 'yar'uwar mai unguwa, tana shan koko a kan tabarma. Na gaishe ta, na faɗa mata ba kwana-kwana: ƙofar ƙarfen nan sito ce, ba mai kwana, gidana ne na goma, na kauce masa da gangan. Ban taɓa jin nauyin yarinya sa'ar 'yata kamar ranar ba. Ta ajiye ludayi. Ta tambaye ni ko na taɓa yin haka a wani wuri. Na ce wallahi sau ɗaya ne. Ta ce to duk gidajen da muka shiga bayan siton sai an sake, tunda ƙirgar ta goce, aikin yini guda ya tafi. Ba ta ce ba komai ba, kuma na ji daɗin da ba ta faɗa ba.

Sannan ta ce, "Baba, ba zan tambaye ka dalili ba. Amma wace tambaya ce?"

Na ce ta tukunya.

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Abin da mata suke faɗa mini a ciki ba na fitar da shi, ko gare ka. Abin da zan iya faɗa maka shi ne, tambayar nan, sau da yawa nakan fito daga cikin gida in gyara amsar da aka ba ni a zaure. A Gumel, a Maigatari, ko'ina. Ita ce ma babban abin da na samu a aikin nan. Masu tsara gari suna ganin gida bai ƙaru ba, bai ragu ba, su ɗauka ba abin da ya canza."

Na tuna zaurukan da muka zauna, da magidantan da suka ce biyu, suka ce uku, na rubuta da hannuna. Wasunsu tare muke cin tuwo.

Ta ce za ta zo gidanmu bayan azahar, lokacin da mutane suke gona suna sharar shuka, kuma ba za ta sanar da mai unguwa ba. Tun da ni ɗan aikin ne, ta ce, bai ma dace ni in amsa ba. Idan akwai wani magidanci a gidan, shi za ta tambaya, in ya yarda.

Na koma na faɗa wa ƙanena duk yadda muka yi, har da maganar gyaran amsa. Ban ƙara komai nawa a kai ba. Ya ce, "Ita ta faɗa, ko kai kake lallashina?" Na ce jiya na yi ƙarya guda, ba zan yi ta biyu yau ba. Bai ce zai amsa ba, bai ce ba zai amsa ba.

Bayan azahar ta yi sallama. Ina shimfiɗa mata tabarma sai ga shi ya fito, ya sa farar rigarsa ta zuwa kasuwa da hula. Suka gaisa. Na jawo littafina zan zauna, ya dube ni ya ce, "Yaya, ka ɗan ba mu wuri."

Na fita. Na je na zauna a gindin darbejiyar da ke bakin lungu, inda ba a jin abin da ake faɗa a zaure. Tela ya leƙo daga shagonsa da tsinken allura a baki, ya ce, "Yau kuma an kore ka daga gidanka?" Na ce masa jiya kuskure aka yi a ƙirga, ni na yi shi, an cire gidansa an sa namu. Ya ce shi ke nan, na ƙwace masa siminti, Allah ya isa tsakaninsa da ni. Ya koma kan kekensa.

Sun daɗe, sun fi yadda muke daɗewa a sauran gidaje. Daga baya na hango ta shiga ciki wajen mata, ta jima, ta fito, ta ɗaga mini hannu muka wuce gida na gaba. Ban tambaye ta ba, ba ta faɗa mini ba. Shi ma ban tambaye shi ba. Har yau da nake rubuta wannan ban san amsar da ya ba ta ba. Binciken kuwa an gama shi, ta aiko da gaisuwa ta bakin mai unguwa, ban san ko masu tsara garin sun karanta ba.

Ranar Juma'a da yamma ina zaune ina gyara ƙotar fartanya, ya zo ya tsaya a kaina. Zuciyata ta ba ni sallama ya zo yi. Sai ya ce, "Yaya, rufin ɗakin yaran nan ya tsage ta kusurwar gabas, ana hango haske. In ruwan farko ya sauka a haka, ba za su kwana a ciki ba. Ka san inda ake samun jar ƙasa mai kyau yanzu?"

Na ce akwai kududdufin bayan makabarta, can kowa ke ɗiba.

Ya ce, "To ka ara mana amalanke gobe. Ni zan kwaɓa, kai ka miƙo mini."

Washegari Asabar muka yi sammako muka tafi ɗibar ƙasa.